Ƙarar da Baba Mamman Ya Ji

Ranakun aiki da yawa sun shige mani, wasu ko an tuna mani ba na tunawa, amma ban taɓa mantawa da wata Alhamis ba, ranar da na sa hannu a takardar da ta raba Baba Mamman da sitiyari. Kun ce in ba ku labari guda daga cikin shekarun da na yi ina kanikanci, kuma na ga yadda kuka gyara zama, kuna jiran na bajinta. To ku yi haƙuri, na kunya zan ba ku. Na bajintar duk kun ji su, wasu ma ni na ƙara masu gishiri.

Lokacin kamar shekara uku ke nan da canjin hannu, wato da aka daina tuƙi ta hagun titi aka koma ta dama. Kuɗin man fetur sun shigo ƙasa, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowane malamin ofis ya sayi babur yana tsorata awaki. Ni ina aiki a garejin gwamnati a nan Katsina, inda ake gyaran motocin ma'aikatu. Tsarin wurin shi ne injiniya a sama, sai foman, sai makanikai masu daraja ta ɗaya, ta biyu da ta uku. Ina mai daraja ta biyu aka tura ni kwas Kaduna na wata shida, don in koyi aiki da wasu na'urori biyu da aka sayo mana. Ɗaya tana ɗaga mota sama gaba ɗayanta, har mutum ya tsaya a ƙarƙashi ba tare da ya sunkuya ba. Ɗayar ta alaimen ce, wato daidaita ƙafafun gaba su fuskanci hanya ɗaya, tana da madubai da fitila da ma'auni.

Na dawo da takardar shaida da farin obarol, rigar aikin makanikai, kaina ya yi girman tulu. Fomanmu, Malam Isiyaku, da zare da alli yake yin alaimen tun kafin a haife ni, ni kuwa a bayan idonsa nakan ce aikin tela yake yi. A shekarar ya samu kujerar Makka. Da zai tafi, injiniya ya tsallake manyana biyu ya ba ni riƙon foman, saboda ni ke da takarda. Wallahi a makonnin nan ko gaisuwa sai na ga dama nake amsawa.

Baba Mamman direba ne, mutumin Ƙofar Kwaya, ya haura shekara ashirin yana tuƙi bai taɓa buge ko kaza ba. Motarsa tsohuwa ce mai dogon baya, sitiyarinta a dama, irin na kafin canjin hannu. Ita ke kai malaman asibiti mata zagayen ƙauyuka da akwatin allurar rigakafi. Tsohuwa yake kiranta. Yana da wata al'ada irin ta direbobin da: ba ya tuƙi da takalmi. In ya shiga sai ya tuɓe su ya tura ƙarƙashin kujera, ya ce mota ta tafin ƙafa take yi wa mutum magana.

Ran nan da safe ya shigo da ita. Bayan mun gaisa, ya tambayi gida da iyali da gajiyar riƙo, sai ya ce, "Malam Lawal, Tsohuwa tana magana."

Na ce, "Mi take cewa, Baba?"

"Ƙwas take yi, nan ƙafar gaba ta dama, daidai ƙarƙashina. Ba kullum ba. Sai in na sauka daga kwalta, ko in na sha kwana a hankali. Kuma tana jan hannuna."

Na buɗe mata katin aiki, wato katin da ake rubuta ƙorafin direba da abin da aka yi wa mota. Na hau da ita kan na'ura na ɗaga ta sama, ma'aikata suka taru suna kallo, ni kuwa ina ta wani ɗaure fuska. Na kama tayar na girgiza sama da ƙasa, na girgiza hagu da dama. Shiru, ko motsi babu. Na ga shokozoba, wadda ke rage wa mota tsalle a gargada, tana ɗan tsatsar mai, na ce ga ɓarawon nan, na sa aka canza. Na sauke ta na daidaita alaimen har ma'auni ya tsaya cif. Na miƙa mashi makulli.

Ya tsaya yana juya makullin a hannu. Ya ce, "Da dai ka shigo mun tahi Ƙofar Kaura mun dawo. Ka tuɓe takalmi, kai ka riƙe ta, za ka ji."

Na yi dariya. Har yau ina jin dariyar nan a kunnena. Na ce, "Baba, wannan zamanin ya wuce. Gwamnati ba ta kashe kuɗi ta sayo na'ura don in koma auna mota da tafin ƙafa ba." Waɗanda ke kusa suka taya ni dariyar, don ni ne mai riƙo. Shi ma ya yi murmushi, ya ce Allah shi ba da sa'a, ya ja motarsa.

Bayan kwana tara ya dawo. Ƙarar tana nan, kuma tayar dama ta fara cinyewa ta gefen ciki. Na sake ɗaga ta, na sake girgizawa, ban ji komai ba. Na canza tayarod, wato sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafa, ko da yake tsohuwar ba ta da laifin da zan iya nunawa. Na canza robobi. Na duba alaimen na ga ya goce daga inda na bar shi, na sake daidaitawa. A raina na fara jin haushin tsohon, don kowace dawowarsa kamar yana gaya wa gareji ne cewa mai takarda bai iya ba. Ya sake cewa in shigo mu zaga. Na ce ina da aiki.

Zuwansa na uku shi ne ranar Alhamis ɗin nan. A nan sai na yi maku bayanin ƙa'ida. In mota ta zo sau uku a wata guda da ƙorafi iri ɗaya, dole foman ya rubuta wa injiniya rahoto, kuma abu uku ne kawai zai iya cewa. Ko ya ce an gano matsalar ana jiran kaya. Ko ya ce ba a gano ba, a tura motar babban gareji na Kaduna. Ko kuma ya ce mota lafiyarta lau, a binciki direba. To babban garejin Kaduna nan ne inda na yi kwas. Malaman da suka sa hannu a takardata su za su karɓi motar, su ga sunana a kati, su ga na kasa gano ƙara a tsohuwar mota. Na zauna da biro a hannu na kusa rabin awa. Kalma uku ce tsakanina da gaskiya: ban gano ba. Hannuna ya ƙi rubuta su.

Abin da na rubuta, da Turancina mai kyau, shi ne mota ba ta da aibi. Na ce gocewar alaimen da cin taya daga direba ne, tun da aka canza hannu bai saba ba, yana yawan faɗawa gefen kwalta. Sannan na ƙara layi guda wanda babu wanda ya tambaye ni. Na ce da alama direban yana jin ƙarar da babu ita, saboda shekaru.

Injiniya ya karanta, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Lawal, ka tabbata? Mutumin nan mata yake ɗauka. In kunnensa da hannunsa sun fara rawa, ba zan bar shi kan hanya ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na'ura ba ta ƙarya."

Ya ce to, ya sa hannu ƙarƙashin nawa. Kafin sati ya zagayo takarda ta fito, an sauke Baba Mamman daga tuƙi, an ba shi aiki mai sauƙi. Aikin mai sauƙi shi ne gadin ƙofar garejinmu. Motar kuma aka ba wani direba, Garba, magidanci mai iyali da yawa.

Baba Mamman ba ya karatun boko, akawu ne ya karanta mashi. Ya zo ya same ni a gindin na'ura. Na shirya jin faɗa, har na tanadi amsoshi. Sai ya ce a hankali, "Malam Lawal, an ce ka rubuta babu ƙara."

Na ce, "Abin da na'ura ta nuna ke nan, Baba."

Ya sa ɗan yatsa a kunnen dama ya karkaɗa, kamar wanda ruwa ya shiga. Ya ce, "To. Kai ka yi karatun abin. Allah shi sa hakan shi ne alheri." Ya ajiye makulli a kan tebur, ya je ya ciro takalmansa daga ƙarƙashin kujerar motar, ya nufi bakin ƙofa. Tun daga ranar, kullum da safe shi ke buɗe mani ƙofa in na zo da babur, ya ɗaga hannu ya ce, "Barka da isowa, foman." Bayan 'yan kwanaki na lura ya toshe kunnen dama da auduga. Na gani, na kau da kai.

Sati biyar aka yi a haka, sai ga Malam Isiyaku ya dawo, ya zama Alhaji. Ranar da ya fara zuwa aiki ya shigo da dabino da zamzam, amma bai ko raba ba. Daga bakin ƙofa ya wuto kai tsaye wurina.

"Lawal, wa ya ajiye Mamman a bakin ƙofa?"

Na fara bayani da Turanci-Turanci. Ya ce in ba shi kati. Ya karanta kati, ya karanta kwafin rahoto. Ya aika a kira Garba da motar. Da Garba ya zo, Alhaji ya tambaye shi a gaban kowa ko yana jin wani abu a ƙafar gaba. Garba ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ce lafiya lau take. Alhaji ya ce, "Garba, daga ɗakin Allah na fito, kada ka fara tarbata da ƙarya."

Garba ya ce, "Alhaji, tun ranar farko nake ji. Yanzu ma ta fi da. Amma wanda ya faɗa, ga shi can a bakin ƙofa. Ni kuwa ɗiya takwas gare ni."

Jama'a, da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe.

Alhaji Isiyaku ya miƙo mani makulli. Ya ce, "Tuɓe takalminka." Na tuɓe, a gaban mutanen da na yi wata biyu ina yi wa tsawa. Na zauna a mazaunin direba, shi a gefena. Baba Mamman ne ya buɗe mana ƙofa. Muka nufi Ƙofar Kaura. A kan kwalta shiru, har zuciyata ta fara cewa wataƙila in tsira. Sai Alhaji ya ce in rage gudu in sauke ƙafar dama gefen titi, inda kwalta ta gutsuttsure. Ina saukewa na ji ta. Ƙwas. Ta shigo ta tafin ƙafata ta hau har ƙeyata, sitiyari ya fizgi hannuna dama. Alhaji bai dube ni ba. Ya ce, "Sake." Na sake. Sau huɗu ya sa ni, don kada in ce ban ji da kyau ba.

Da muka dawo na nufi na'urar ɗagawa, ya ce a'a, a nan ƙasa. Ya sa aka kawo ƙaramin jak, ya kafa shi ƙarƙashin hannun ƙafar na ƙasa, wato ƙarfen da ya haɗa ta da mota, ba a jikin mota ba, ya ɗaga har taya ta bar ƙasa da kamar yatsa biyu. Ya zura liba, dogon ƙarfen banƙarawa, ƙarƙashin tayar ya ɗan ɗaga. Ƙwas. Har masu wankin mota suka ji. Boljoyin ce ta ƙasa, wato gaɓar da ke riƙe ƙafar mota, ƙwallon ƙarfe ne a cikin kwaskwarimarsa kamar gaɓar kafaɗar mutum.

Ku sababbi, ku riƙe wannan. A irin waɗannan motoci sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, a kan hannun ƙasa yake zaune. In ka ɗaga motar ta jikinta, ƙafa ta rataya, sifirin zai danne gaɓar ya ɗaure ta tamau, ko ta cinye ƙurmus ba za ta motsa a hannunka ba. Sai ka tallafi hannun da jak, ka ɗauke mata nauyin sifirin, sannan za ta faɗi gaskiya. Ita kuma na'urar alaimen a tsaye take auna mota. Ka daidaita a tsaye, tana hawa hanya gaɓar ta yi wasa, komai ya goce. Abin da ya cinye gaɓar kuwa canjin hannun ne da gaske, amma ba yadda na rubuta ba. Tun da aka koma dama, ƙafar dama ce ke bin gefen titi mai gargada, ko wane ne direban.

Da aka kwance gaɓar, Alhaji ya ɗan murɗa ta da hannu, ƙwallon ya kusa fita daga gidansa. Saura ƙiris. Da ta fita a kan gudu, ƙafar za ta lanƙwashe ƙarƙashin mota ne. Sati biyar motar nan tana zuwa ƙauyuka da mata shida a ciki, da takardar da na sa wa hannu cewa lafiyarta lau. Na je bayan gareji na zauna.

Can Alhaji ya same ni. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce, "Rashin ganowa ba laifi ba ne, Lawal. Ni ma sau nawa mota ta kunyata ni. Amma ka rasa inda za ka sauke kunyarka sai a kan tsoho?" Ya ajiye gaɓar a cinyata. "Hannun da ya rubuta ta farko shi zai rubuta ta biyu."

Na rubuta a ranar. Na ce rahoton farko kuskurena ne, direba gaskiya ya faɗa, a mayar da shi kan aikinsa. Injiniya ya karanta ya girgiza kai. Ya ce takardar farko ta riga ta tafi Kaduna, an canza sunan aikin Baba a fayil, an cike gurbinsa. Ya ce zai tura ta biyun, amma in sani takardar sauke mutum gudu take yi, ta mayar da shi kuwa rarrafe. Haka aka yi. Sau uku muna tunatarwa, amsa ba ta zo ba har Baba ya isa ritaya. Ni kuwa gargaɗi kawai aka ba ni a rubuce, bayan shekara biyu ma aka ƙara mani girma. Wannan ma yana cikin abin da ke damuna.

Kwana uku na yi ban iya haɗa ido da shi ba. Nakan ajiye babur a waje in shiga ta ƙaramar ƙofar baya kamar ɓarawon sifana. Ranar Lahadi bayan la'asar na naɗe gaɓar a tsumma na tafi Ƙofar Kwaya. Na yi sallama, ya fito zaure ya shimfiɗa mani tabarma. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mahaifina, ya tambayi maiɗakina, ni kuwa ina ta ƙara tsawonta don tsoron abin da ke bayanta. Audugar tana nan a kunnensa, tana warin wani mai. Na tambaye shi lafiyar kunnen, don in samu mafari.

Ya ce, "To, da sauƙi dai. Na je wurin wanzami ya duba bai ga komi ba. Na ɗiga mai, na sha rubutu. Wani ya ce ko iska ce ta taɓa ni a hanyar ƙauye. Ko kekena na daina hawa, Malam Lawal, don ban san mi zan ji in kauce in buge ɗan wani ba. Mutum shi ji abu da kunnensa, shi ji da ƙafarsa, a ce babu, ai ka san ya hwara lalacewa."

Wato duk tsawon makonnin nan ni ina zaton yana jin haushina ne yana ɓoyewa. Ashe yarda ya yi da ni. An gaya mashi a gareji cewa an gano wani abu a motar, amma bai saki jiki ba, ya ɗauka ana lallashinsa ne.

Na kwance tsumman. Na ce, "Baba, ni na yi ƙarya, ba kunnenka ba. Ban gano ba ne, girman kai ya hana ni faɗa, na ɗora maka. Ka yafe mani." Na miƙa mashi gaɓar.

Ya karɓa ya juya ta. Ya zare audugar ya ajiye a kan tabarma. Ya kai ƙarfen kusa da kunnen dama, ya motsa ƙwallon da babban yatsa. Ƙwas. Ya sake. Ƙwas. Sai na ga hawaye na bin gemunsa, yana dariya.

"Ita ce. Wallahi ita ce. Alhamdu lillahi, ashe lahiyata lau."

Na ce mashi muna nan muna bin takardar mayar da shi. Ya yi mani alama da hannu in bar wannan. Ya ce ya yafe duniya da lahira, yaro ai shi ne da kuskure. Sannan ya miƙe da gaɓar a hannu, ya ce, "Dakata ni kaɗan. Bari in shiga in kai ma uwar ɗiyana ta ji da kunnenta. Ita ma ta hwara yi mani kallon mai taɓin hankali." Ya shige ciki ya bar ni a zaure da audugarsa a gabana.

Shekara uku ya ƙara a bakin ƙofar nan yana buɗe mani, kullum da barka da isowa, ban taɓa wucewa ban ji nauyinta ba. Abin da na koya, ku ma ku ɗauka in kuna so: mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo, direban da ya ce yana jin ƙara ku shiga motar ku ji tare da shi kafin ku taɓa sifana. Na'ura tana amsa abin da aka tambaye ta ne kawai. In kun duba kun rasa, ku rubuta ban gano ba, babu wanda ya taɓa mutuwa don ya rubuta haka. Har na bar aiki ban sake gwada mota da takalmi a ƙafata ba, kun sha yi mani dariya a kan haka, ina jinku. Yau kun san dalili.